Yadda Ake Koya wa Yaran Aji Ɗaya Zuwa Uku Karatun Hausa, Mataki-Mataki

Tambayar da malamai da iyaye suka fi aiko mini kusan iri ɗaya ce. Yaro ya yi shekara biyu ko uku a firamare, yana rera A, B, C, D tun daga farko har ƙarshe, yana kwafe duk abin da aka rubuta a allo da rubutu mai kyau, amma idan aka nuna masa kalmar da bai taɓa gani ba sai ya yi tsuru-tsuru. Daga ina za a kama?

Abin da yaron nan yake yi hadda ce da zane. Karatu shi ne ya ga baƙi da wasali ya haɗa su da kansa, ya fitar da kalma, ya kuma san abin da ta ce. An yi sa'a rubutun Hausa na boko yana bin furuci sosai, don haka aikin bai kai na Turanci wuya ba, muddin an bi matakan a jere. Ga su nan kamar yadda suke aiki a aji mai cunkoso, kuma uwa ko yaya za ta iya bin su a gida da yaro ɗaya.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Abin da za ku saya kaɗan ne: kwalin alli, maka, wato alƙalamin rubutu mai kauri, guda biyu (baƙa da ja), almakashi, sai littafin rubutu da fensir ga kowane yaro. Fensir shi ne ya fi cin kuɗi a tsawon zango, saboda ɓacewa. Ku raba kowanne biyu, ku fiƙe, ku riƙa karɓewa bayan darasi ku ajiye a gwangwani.

Sauran duk kyauta ne. Kwalayen taliya ko na sabulu daga mai shago za a yayyanka su kamar faɗin tafin hannu a yi katin haruffa: baƙaƙe da baƙar maka, wasula da ja. Murafun kwalbar lemo na roba suna ɗaukar harafi ɗaya-ɗaya. Faranti da yashi ya isa yaro ya koyi zana harafi da yatsa kafin ya riƙe fensir.

Game da littattafai, kafin ku kashe ko kwabo ku tambayi hedimasta ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Shirin Mu Karanta ya raba littattafan Hausa na ƙananan azuzuwa a Bauci da Sakkwato, shirin RANA kuma ya yi haka a Katsina da Zamfara, kuma akan tarar da ragowarsu a kulle a sito. Shafin African Storybook na intanet yana da gajerun labarai na Hausa da ake saukewa kyauta. Kuɗin fotokofi kawai za ku biya.

Gargaɗi: kada ku ɓata kuɗi a kan babban hoton bango mai "A for Apple". Haruffan Turanci ne, babu ɓ, ɗ, ƙ a ciki, kuma hotunan ba su dace da sautin Hausa ba.

1. Ku gwada kowane yaro shi kaɗai

Kafin darasin farko, ku san inda kowa ya tsaya. Ku shirya takarda ɗaya mai kashi huɗu: haruffa goma a warwatse, kalmomi goma masu sauƙi, gajerun jimloli huɗu, sai ɗan labari mai layi bakwai ko takwas da tambayoyi biyu. Ku kira yaro gefe, ku fara masa da jimlolin. Idan ya karanta, ku haura zuwa labari. Idan ya kasa, ku sauko zuwa kalmomi, sannan haruffa. Minti biyu ko uku ya isa ga yaro ɗaya.

A ƙarshe ajin zai rabu biyar: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai jimla, mai labari. Wannan rabon shi ne ginshiƙin tsarin TaRL, wato koyar da yaro daidai da matakin da yake, da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, wanda aka yi aiki da shi a Borno da Kano. Ku rubuta sunan kowa da matakinsa da ranar gwajin.

Gargaɗi: kada ku yi gwajin da littafin da aka saba karantawa a aji. Yaro mai kaifin hadda zai zubo muku shafin duka idonsa na kallon taga. Kuma kada ku yarda da amsar taro. Idan yara tamanin suka amsa da murya ɗaya, wataƙila biyar ne suke karatu, saura suna bin bakinsu.

2. Kunne kafin ido

Mako ɗaya ko biyu na farko, ga waɗanda ba su san harafi ba, babu allo babu fensir. Ana so yaro ya ji cewa kalma tana rarrabuwa. Ku fara da sunayensu, ana tafi: Mu-sa tafi biyu, A-mi-na uku, Ab-dul-la-hi huɗu. Sannan ku juya: ku faɗi "tu… kun… ya… " a rarrabe, ko "ka… za…", su faɗi wace kalma ce. Daga nan sai sautin farko: "Wa sunansa ya fara kamar *masara*?" Maryam da Mustafa da Mansur su miƙe.

Wannan mataki ba ya buƙatar dogon lokaci. Minti biyar a farkon kowane darasi ya isa ya ci gaba har ƙarshen aji ɗaya.

3. Sautin harafi, ba sunansa na Turanci ba

Nan ne aka fi yin ɓarna. Yaron da aka koya wa sunayen haruffa na Turanci ya san *e* a matsayin "i", ya san *i* a matsayin "ai", ya san *c* a matsayin "si". Ku ba shi kalmar *ci* ku ga abin da zai fito da shi. Ku koyar da sautin da harafin yake yi a cikin kalmar Hausa: *a* kamar a *ayaba*, *m* a rufe leɓe a ja shi, *c* kamar a *cokali*.

Kada ku bi jerin abacada. Idan kuka bi shi, sai an yi makonni kafin a samu kalmar kirki. Ku fara da haruffan da suka fi yawo a Hausa, waɗanda suke haɗa kalma nan take. Jerin da nake ba da shawara: a, k, m, n, i, u, s, sannan t, r, b, o, g, d, e, y, w, l, f, z, h, j, c. Da a, k, m kaɗai yaro ya samu *kaka*, *mama*, *kama*, *maka*. Da zuwan n ya samu *nama*, *nan*, *mana*. Kafin a gama haruffa bakwai na farko yana iya karanta "Ina kaka?", "Nama na nan", "Musa na kuka". Ranar da yaro ya karanta jimla irin wannan da kansa, ba sai an sake roƙonsa ya zo makaranta ba.

Harafi biyu a mako, ranar Juma'a bita. Da wannan tafiya, haruffan guda-guda 25, wato waɗannan 22 da ɓ, ɗ, ƙ, za su ƙare a cikin zango na biyu, ko da an samu hutu da fashi.

Kowane sabon harafi ya bi hanya ɗaya: ku nuna katin ku furta sautin, ku furta tare da su, sannan su furta su kaɗai, layi-layi, daga baya ɗaya-ɗaya. Su zana shi a iska, a bayan na gabansu, a cikin yashi, sannan a littafi. Ku fara da ƙaramin harafi, domin shi ne ya cika kowane shafi. Babban ya biyo a gefensa.

Gargaɗi: kada ku koyar da *b* da *d* a mako ɗaya, haka *n* da *u*. Ku bar mako biyu ko uku tsakanin *b* da *d*. Kuma ku lura da yaran da suke zuwa makarantar allo ko Islamiyya: idonsu ya saba farawa daga dama. Ku sa ɗigo ja a gefen hagu na allo da na littafi, ku ce daga nan ake tashi. Wannan ba matsala ce babba ba, hasali ma suna da riba, domin wanda ya yi babbaƙu da farfaru ya riga ya san cewa baƙi ba ya magana sai an sa masa wasali.

4. Haɗa baƙi da wasali

Idan aka ce in zaɓi mataki ɗaya da ya fi sauran, wannan ne. Yara da yawa suna sanin haruffa duka su maƙale a nan shekara guda, saboda ba wanda ya nuna musu yadda ake haɗawa.

Ku ba yaro ɗaya katin *m*, wani katin *a*, su tsaya nesa da juna a gaban aji. Ku nuna na farko, aji ya ja "mmm". Ku nuna na biyu, "aaa". Su matso kaɗan, a sake. Su matso har kafaɗa ta taɓa kafaɗa: *ma*. Sai mai *a* ya zauna, mai *i* ya taso: *mi*. Sai mai *u*: *mu*. Abin da ake so yaro ya gani da idonsa shi ne baƙin bai canza ba, wasalin ne ya juya gaɓar. Ku fara da baƙaƙen da ake iya ja, wato m, n, s, domin su ne suke zarcewa cikin wasali ba tare da yankewa ba. K da t da b su biyo bayan an gane dabarar.

Daga nan sai teburin gaɓoɓi a allo: wasula a sama, baƙaƙen da aka koya a gefen hagu. Amma kada ya koma waƙar "ba, be, bi, bo, bu". Da zarar an rera shi a jere sau uku, ya zama wata haddar. Ku riƙa tsalle da sanda: *ku*, *sa*, *ni*, *ma*, *su*. Ku nuna biyu a jere su haɗa: *ku-sa*, *ni-sa*, *ma-su*. Ku tambaya, "Wannan kalma ce? Me take nufi? Wa zai sa ta a magana?"

Bayan gaɓa mai baƙi da wasali ta zauna, sai mai rufi da baƙi: *kan*, *nan*, *sam*, *har*, sannan kalmomi irin su *kanti*, *sanda*, *murna*. Sai masu baƙi biyu iri ɗaya a tsakiya, waɗanda yara suke yawan hadiye ɗaya: *kuna* da *kunna*, *baba* da *babba*. Tafin da aka koya a mataki na biyu shi zai yi aiki a nan: bab-ba, kun-na. Sai tagwayen wasula biyu da Hausa take da su, *ai* da *au*: *kai*, *mai*, *sau*, *tauri*.

Hanyar tabbatar da cewa yaro ya iya haɗi da gaske ita ce ku ba shi kalmar da babu ita, kamar *numi*. Ku gaya masa tun farko cewa ta wasa ce. Idan ya karanta ta, to ba hadda yake yi ba.

Gargaɗi: idan yaro ya tsaya a kan kalma, kada ku faɗa masa, kuma kada ku bar 'yan aji su yi masa ihun amsa. Ku rufe kalmar da yatsa ku bar gaɓar farko kawai, ya karanta, ku buɗe ta biyu. Kada kuma ku ce ya duba hoto ya cinka. Mai cinke da hoto yakan yi kamar ya iya har aji uku, ranar da hotuna suka ƙare a littafi sai asirinsa ya tonu.

5. Masu ƙugiya da masu goyo

Ɓ, ɗ, ƙ da 'y haruffa ne masu zaman kansu, kuma haka za a koyar da su, kowanne da katinsa da makonsa. Kowanne ya zo bayan ɗan'uwansa marar ƙugiya ya zauna daram. Ku yi amfani da kalmomi biyu-biyu da ma'ana ta bambanta: *bata* da *ɓata*, *daka* da *ɗaka*, *kafa* da *ƙafa*, *baki* da *baƙi*, *ya* da *'ya*. Ku faɗi ɗaya, su ɗaga katin da suka ji. Masu koyarwa a Nijar su tuna a can ana rubuta *'y* da ƙugiya a jikin harafin, *ƴ*.

Sannan *sh* da *ts*, waɗanda haruffa biyu ne amma sauti ɗaya: *sa* da *sha*, *sara* da *tsara*. Ku rubuta su a kati guda don kada yaro ya raba su. Haka *kw*, *gw*, *ƙw*, *ky*, *gy*, *ƙy*: *kwano*, *gwanda*, *ƙwai*, *kyau*, *gyaɗa*, *ƙyalle*. Alamar hamza ta tsakiyar kalma, kamar a *sana'a* da *jama'a*, ta zo a ƙarshe.

Gargaɗi: malamin da ya saba rubutun waya ba ƙugiya yakan kai wannan ɗabi'a allo ba tare da ya sani ba. Ku duba allonku kafin yara su kwafa. Kuma yaron da Hausa ba ita ce harshen gidansu ba yana iya daɗewa kafin bakinsa ya kama ƙ ko ts. Idan kunnensa yana rarrabewa, yana ɗaga katin daidai, ku wuce; furucin zai zo. Haka Basakkwace ko Bakatsine da ya karanta kalma da karin garinsu bai yi kuskure ba. A rubutu ne ake riƙe daidaitacciyar Hausa.

6. Daga jimla zuwa labari

Rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. *Gari* na zama da *gari* na tuwo rubutunsu ɗaya. Yaro ba zai san wanne ba ne sai a cikin jimla, shi ya sa bai kamata a daɗe ana karanta jerin kalmomi tsurarsu ba.

Karatu iri biyu ake yi a nan, kuma kada a gauraya su. Na farko, wanda yaro yake yi da kansa: gajeren rubutu da ba ya ɗauke da harafin da ba a koya ba. Idan babu a littafi, ku rubuta layi huɗu ko biyar da kanku a kwali. Ya karanta shi sau uku: shi kaɗai a hankali da yatsa a ƙarƙashin kalma, sannan da abokin zamansa suna karɓa-karɓa, sannan a gabanku. A karo na uku za ku ji gaɓoɓin sun daina rarrabuwa.

Na biyu, wanda ku kuke karanta musu: tatsuniya ko labari da ya fi ƙarfin karatunsu amma bai fi ƙarfin hankalinsu ba. Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa gundurar ɗan aji ɗaya ba. Ku tsaya a tsakiya ku ce, "Me kuke jin zai faru?" Bayan ƙurunƙus, tambaya biyu da amsarsu take cikin labarin, ɗaya kuma da sai an yi tunani: "Me ya sa Gizo ya ƙi gaya wa Ƙoƙi?" Ku sa yaro ya maimaita labarin da bakinsa. Kacici-kacici da karin magana su shigo a nan, guda ɗaya a rana.

Gargaɗi: sauri ba shi ne fahimta ba. Akwai yaron da zai zuba karatu kamar ruwan sama, a tambaye shi wa aka ambata a labarin ya rasa. Duk karatu, komai gajartarsa, ya ƙare da tambaya.

7. Shifta kullum

Kwafe daga allo yana gyara hannu ne kawai. Shifta ce take nuna abin da ya shiga kai. Ku goge allo, ku faɗi gaɓa uku, kalma uku, jimla ɗaya, duk daga abin da aka koya. Su rubuta, su ɗaga littafi sama, ku zagaya ido. Sannan ku rubuta daidai a allo kowa ya gyara nasa.

Daga aji biyu ku fara ƙa'idojin rabawa da haɗawa, ɗaya a mako: *shi ne* da *ita ce* a rabe, *yana*, *tana*, *suna* a haɗe, *gidana*, *littafinsa*, *jakarta* a haɗe, *ya ce* a rabe. Babban harafi a farkon jimla da sunan mutum ko gari, aya a ƙarshe, alamar tambaya. A aji uku yaro ya rubuta jimla uku zuwa biyar daga kansa: abin da aka dafa jiya, hanyar gidansu, ranar kasuwa.

Gargaɗi: idan yaro ya rubuta labarinsa, kada ku cika shafin da jan biro. Ku zaɓi kuskure iri ɗaya ku gyara, sauran su jira wani makon.

8. Yadda za a raba minti arba'in

Minti biyar wasan sauti da bitar katuna. Goma sabon harafi da haɗa gaɓa. Goma karatun yara da kansu. Takwas shifta. Bakwai labarin da kuke karantawa da tambayoyi. Kullum, kwana biyar a mako, kuma da safe kafin rana ta yi zafi cikin yara ya fara kiran ciroma. Minti arba'in kullum ya fi awa biyu sau biyu a mako nesa ba kusa ba.

A aji mai yara tamanin ko ɗari, ku zaunar da su bisa matakan da gwaji ya nuna, masu rauni a gaba kusa da allo. A lokacin karatun kai, masu labari su zauna biyu-biyu da takardarsu, masu kalma su yi ginin kalmomi da murafun kwalba, ku kuma ku durƙusa wurin masu harafi. Ku sa wa rukunonin sunayen da ba sa nuna daraja, kamar na tsuntsaye ko launuka. A gida, minti goma sha biyar bayan la'asar ko bayan magariba ya wadatar.

Gargaɗi: bulala da karatu ba sa zama wuri ɗaya. Yaron da aka zane don ya kasa haɗa gaɓa zai koyi yin shiru ne da motsa baki a cikin taro, kuma ba za ku sake jin kuskurensa ba balle ku gyara.

9. Sake gwaji, da yaron da ya tsaya

Duk bayan mako shida ku maimaita gwajin farko da sababbin kalmomi. Wanda ya haura ya canza rukuni a ranar. Wanda ya yi gwaji biyu a wuri ɗaya, ku bincika abu uku kafin ku ce ba ya ganewa. Na farko rajista: sau nawa ya zo? Talla, ranar kasuwa da aikin gona da damina suna cinye makonni, kuma yaron da ya rasa haruffa huɗu ba zai iya haɗa na biyar ba. Ku nemo waɗanda ya rasa ku cike masa. Na biyu ido: yana ƙanƙance ido ko matsowa jikin allo? Na uku kunne: ku kira sunansa a hankali ta bayansa, ku duba ko kunnen yana ruwa. Idan kun ga alama, ku kira mahaifinsa ko mahaifiyarsa ku ce a kai shi asibiti a duba.

Idan duk ukun lafiya, ku koma da shi mataki na biyu da na huɗu, minti goma kullum, shi kaɗai ko su uku, da baƙi ɗaya da wasula biyu kacal har sai ya kama.

10. Shigar Turanci

Iyaye da yawa suna tsoron Hausa za ta tare wa yaro Turanci. Abin da ake gani a aji akasin haka ne: wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji ba ya sake koyon haɗi, sababbin sautuka kawai zai ƙara. Tun aji ɗaya a yi Turancin baka, gaisuwa da waƙa da sunayen abubuwan cikin aji, a wani darasi dabam. Karatunsa ya fara sosai idan yaro ya kai matakin jimla a Hausa.

A lokacin ku fara da abin da ya riga ya sani, wato b, d, m, n, s, t, k, l, waɗanda sautinsu ya yi kusa a harsunan biyu. Sannan haruffa huɗu da babu su a abacadan Hausa: p, q, v, x. Ku ba *p* da *f* lokaci mai yawa, don a nan ne bakin Bahaushe ya fi harɗewa. Ku gaya masa ƙarara cewa *c* ta Turanci ba ta yin sautin *cokali*, kuma wasalin Turanci guda yana iya yin sauti fiye da ɗaya. Katunan Turanci su zama da launin kwali dabam, a ajiye su a wata jaka dabam, kada a fito da su a darasin Hausa.